Daminar da Na Kasa Zama

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta tono ba. Ta shigo ɗakina da hantsi, waya a hannu ɗaya, kofin shayi a ɗayan, mayafi yana zamewa daga kafaɗarta, ta tsaya a kaina tana karanta mini abin da masana na cikin wayar suka ce mutum ya riƙa yi in yana so ya zauna lafiya. Wai ya sha ruwa sosai, ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya ci ganye, ya samu barci, in kuma abu ya tsaya masa a rai ya nemi wanda zai faɗa wa. Tana karantawa tana kurɓar shayin a tsaye, idonta a kan ƙofa. Na ce mata, "To ke zamna mana ki shanye tukuna." Ta ce, "Hajiya, na makara, mai keke na jirana." Ta dire kofin da saura a ciki ta fice. Ban ga laifinta ba. Kowa a gidan nan haka yake, a tsaye ake ci, a guje ake gaisawa. Ni kaina da nake faɗa ba iya zaman nake ba. Tun da hanyar gida ta lalace saboda 'yan bindiga 'ya'yana suka ɗauko ni suka kawo ni birni, ƙafafuna ba su yarda da wurin nan ba. In tashi in je bakin famfo, in dawo, in leƙa ƙofar gida in ga katanga da kwata, in koma in zauna, kafin tabarma ta ɗumama na sake miƙewa. Yaran suna cewa tsufa ne. Ni kuwa na san wannan abin. Mun taɓa haɗuwa da shi ina da ƙuruciyata, tun Turawa ba su tafi ba.

A Tafoki aka haife ni, aka kai ni aure wani ƙauye kusa da Sheme. Ba sai na faɗi sunansa ba, an ce yanzu rabin gidajen sun zama kufai. Abin da ke tashin mutum a can ba ƙarar injin wuta ba ce, taɓarya ce. Wata ta fara daga gabas, wata ta amsa mata daga bayan masallaci, kafin rana ta leƙo duk ƙauyen ya ɗauka, har kana iya gane turmin kowace mace da sautinsa. Sai guga yana dukan bangon rijiya, sai kukan kurciya, sai tarin dattawa da suka fito daga sallah suna goga aswaki a bakin zaure. Mu ɗumama tuwon dawa da miyar kuka, daddawa tana tashi har waje. Da hantsi matan Fulani su shigo da ƙore a ka, kindirmo mai sanyi da curin man shanu yana yawo a sama, mu auna musu hatsi su zuba mana mu dama fura. In damina ta sauka ganye ba ya yankewa, ga rama, ga zogale, ga tafasa, a dafa a matse a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Babu wanda ya taɓa ce mana wannan magani ne, abinci ne kawai, shi muka samu. Tafiya kuma ba a keɓe mata lokaci. Zuwa rijiya tafiya ce, kai abinci gona tafiya ce, in an ce wani ba ya da lafiya a Faskari ka ɗaura zane ka kama hanya tsakanin duwatsu, ka dawo da yamma ƙafa ta yi futu-futu, barci kuwa ba sai an roƙe shi ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce tsohuwa ta ce a da babu ciwo. Akwai, har ya fi na yanzu rashin tausayi. Kurkunu yakan kwantar da ƙaton namiji a tsakiyar noma, yana kallon ciyawa tana cin gonarsa ba ya iya taka ƙafa. Ɗakin magani yana nesa, kafin a kai mutum bisa jaki sau da yawa an riga an gama. Abin da muke da shi dai tsofaffi ne masu sa ido. Inna, uwar mijina, tana cikinsu. Ba ta yarda a ci abinci a tsaye a gidanta, ba ta yarda a kwanta bayan la'asar, ba ta yarda a bar randa a buɗe ko a tsoma mata hannu. In ta ga yarinya ta kwana biyu ba kitso sai ta ce, "Ke, wa ya mutu da kika bar kanki haka?" Mace ce mai tsari, ba mai mugunta ba, sai dai ba ta san sassauci a kan abin da ta taras iyayenta na yi ba.

Ɗana na fari namiji ne. Ya iya tafiya, ya iya gudu, ya fara haɗa magana, na haifi ƙanwarsa Indo. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, haka muka tashi muka gani. In ya zo ya rungume ƙafata ina daka sai in ce, "Inna, ga yaron nan naki, a janye shi." In ya faɗi ya fasa baki, wata ce za ta ɗauke shi, ni in kau da kai in ci gaba da tankaɗe. Da bazarar shekarar da na haifi Indo baƙon dauro ya shigo ƙauyenmu, ya bi gida gida. Ya kama shi, ƙurajen suka fito, suka koma, tari ya sauka a ƙirji, Allah ya karɓi abinsa da rana tsaka ana zafi kamar ƙasa za ta tsage. Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe, ita kaka ce, an yarda mata. Ni mata suka kewaye ni suna cewa, "Ki yi haƙuri, ki daure, ɗan fari ne, kada ki ba mu kunya." Na daure. Ban zubar da hawaye ko ɗaya ba, har ana yabona a bakin rijiya, ana cewa 'yar Tafokin nan akwai kunya da tawakkali.

Daga nan zama ya gagare ni. Ba ciwon kai, ba zazzaɓi, babu inda zan nuna in ce nan ke mini ciwo. Abin dai in na zauna sai in ji kamar tururuwa na bin cikin ƙashina, sai na miƙe. In share tsakar gida, in gama, in koma farko in sake sharewa. In cika randuna, in kwashe ruwan in wanke randunan in sake cikawa. Na daka hatsin yau da na gobe da na jibi, na roƙi na maƙwabta na daka musu. Abinci in an zuba mini sai in ɗauki loma ɗaya ina tafe, in manta inda na aje akushin, kaji su cinye. Kitsona ya tsufa ya cukurkuɗe na ɗaure shi da ɗankwali. Da farko Inna daɗi ta ji, ta ce aiki na rage tunani. Sai da aka yi shuka, ruwa ya zauna, ta lura zanena na neman zagaye ni sau biyu. Abin da ya fi muni, nonona ya fara ɗaukewa. Indo ta kama ta ja ta ja, ta saki ta fasa kuka, ni kuma ko shayarwar a tsaye nake yi, ina jijjiga ta ina kai da kawo. Yarinyar da aka haifa kamar tulu ta koma wuya kamar zare, maɗigarta ta faɗa. Aka karɓo mini rubutu na sha, aka yi mini turare, wata ta ce iska ce ta taɓa ni a gindin tsamiyar bakin rafi. Maigidana mutum ne marar magana, sai ya tsaya daga bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya wuce gona.

Inna ce ta yanke shawara. Tana da ɗiya da ke aure a Ƙanƙara, tana goyo, nono ya ishe ta har ya yi yawa. Ta ce za a kai mata Indo ta shayar da ita tare da nata, ni kuma a mai da ni gidanmu har in warke. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ran jikarta take so ta tsirar. Amma ni da na ji, sai na ga an rufe ɗaya a ƙasa, ga ɗaya za a ɗora bisa jaki. Na ɗauki tsintsiya.

Ina cikin sharar nan Gwaggo ta yi sallama. Ƙanwar babana ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, da kaɗi take riƙe kanta. Doguwa ce, haƙoranta ja da fure da goro, muryarta kuwa in ta yi magana a zaure ana ji a bayan gida. Labari ya kai mata Tafoki, ta ɗora ƙwarya a ka ta taho a ƙasa. Ta tsaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ko ruwa ba ta sha ba.

"Mi kike shara?"

Na ce, "Tsakar gida, Gwaggo. Sannu da zuwa."

"Ina dattin?"

Na duba ƙasa. Wurin fes yake, har sawun tsintsiya ya yi layi-layi. Ta miƙo hannu ta karɓe tsintsiyar, ta aje ta a ƙasa, ta zauna a kanta.

Da suka gaisa da Inna, aka yi ta'aziyya, aka faɗa mata shawarar da aka yanke, sai ta ce, "Yaya, ban ce kin yi kuskure ba. Amma ki ba ni aron su biyun zuwa a gama noman firi, noman farko ke nan. Jinjirar a riƙa ba ta madarar akuya da ɗan koko ta samu abin riƙe ciki. In an gama firi nono bai dawo ba, ni da kaina zan goya ta in kai Ƙanƙara." Inna ta ce, "Wane magani gare ki da ba mu yi ba?" Gwaggo ta ce, "Ban zo da magani ba. Ki duba ƙwaryata, auduga ce da mazari da man kaɗanya." Inna ta dubi Indo, sannan ta ce, "Zuwa ƙarshen firi. Ban ƙara ko yini."

Abin da Gwaggo ta yi mini, in na faɗa wa 'yan yanzu sai su ce ai wannan ba komai ba ne. Da safe ta dama kunun kanwa mai kauri, ta shimfiɗa tabarma, ta ce in zauna in miƙe ƙafa. In na kurɓa sau biyu na yunƙura zan tashi, sai in ji ta take bakin zanena da ƙafa. "Ina za ki?" In ce zan duba wuta. "Wutar ba ta gudu. Shanye." Ta hana ni daka sai na abincin ranar, ta hana ni zuwa rijiya fiye da buƙata. Ta dafa ruwa da ganyen runhu ta yi mini wanka kamar mai jego, ta kwantar da ni ta mulke bayana da man kaɗanya, tana danna kafaɗuna da babban yatsa tana cewa, "Wanga wuya ne ko icen gatari?" Ta sa ni yin aswaki, ta sa ni yanke ƙumba, ta ce in na yi alwala in bar gaggawa, in bari ruwan ya taɓa ko'ina. Ranar da ta kwance ɗankwalina ta ga kaina, salati ta yi. Ta ɗora kaina a cinyarta ƙarƙashin inuwar rumbu, ta shiga tsefewa a hankali, tana shafa mai tana tajewa. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Rabona da barci irin wannan tun kafin baƙon dauro. Sai dai bai yi nisa ba na zabura na miƙe tsaye, rabin kai a tsefe, ina neman tsintsiya.

Sai ta ba ni mazari. Kaɗi ba ya yiwuwa a tsaye, ba ya yiwuwa da gaggawa, in hannunka ya yi rawa zaren ya tsinke. Nawa kuwa tsinkewa yake ta yi. In murza, in ja, ya tsinke. In ƙulla, in murza, ya tsinke. Raina ya ɓaci na jefar da mazarin na ce, "Gwaggo, ki ƙyale ni, ni lafiyata lau." Ta ɗauko shi ta busa ƙurar ta mayar mini a hannu ta ce, "Na ji. Mai lafiya, ja mini zare." Haka muka yi ta fama. Jikina ya ɗan murmure, ina cin abinci, ina ɗan runtsawa da rana, amma nono shiru, tururuwar nan kuma tana nan cikin ƙashina. Maza suka ci rabin firi, suka wuce rabi. Indo tana shan madarar akuya tana amayar da rabi. Na ji Inna tana gaya wa ƙanen mijina ya gyara akumarin jaki, kasuwar Ƙanƙara mai zuwa da shi za a tafi.

Washegari da hantsi Gwaggo ta goya Indo, ta miƙo mini ƙwarya ta ce mu tafi tsinkar tafasa. Na ce, "Gwaggo, ga tafasa nan bayan gida har gwiwa." Ta ce, "Ta can bayan dutse ta fi taushi. Mu tahi." Muka bi ta gefen gonaki, maza suna duƙe suna noma, gero ya kai ƙauri, ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. Muka wuce rafi, muka wuce mashekarin Fulani, muka zagaya wani babban dutse da ke yamma da gari, har muka daina jin muryar kowa sai tsuntsaye. Akwai wata ɗorawa a wurin. Ta kwance goyo ta zauna a gindinta, ta rungume Indo. Ni na duƙa na fara tsinka da sauri kamar ana kora ta.

Ta ce, "Bar ganyen nan. Ɗiyata, yaron da ya rasu, mi sunanshi?"

Gabana ya faɗi. Na ce, "Haba Gwaggo, ai kin sani. Kina wurin aka raɗa mishi."

"Na sani. A bakinki nike so in ji."

Na ce, "Ɗan fari ne hwa."

Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ce, "Wa ke nan? Dutse ne zai kai ki ƙara, ko ɗorawa?" Na yi ta murza ganye a hannu har ya yi ruwa. Sai ta sauke murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Ta ce, "Ni ma nawa na fari ya tafi, tun ba a haife ki ba. Rijiya ya faɗa. Na daure kamar yadda kika daure, aka yabe ni kamar yadda aka yabe ki. Ban samu wanda ya kawo ni bayan dutse ba. Shekara da shekaru abu na tsaye mini a nan," ta dafa ƙirjinta, "in ci tuwo ya ƙi wucewa. Sunanshi Isuhu." Ta sake faɗa, a hankali, kamar tana kiransa ya zo ya ci abinci. "Isuhu. Kin ji, sama ba ta faɗo ba. Kunya ta mutane ce, mun ba su tasu a gida. Nan ke da Ubangijinki ne, shi kuwa ya san ke kika haife shi."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na sake buɗewa. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Da ya fito, kamar ba muryata ba. "Lawali." Na zube cikin tafasar. Na kira shi, na sake kira, na yi kukan da ban san jikin mutum na iya ɗaukarsa ba, har da majina, har da birgima, ƙasa ta cika mini sabon kitso. Gwaggo ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce ya isa ba. Tana jijjiga Indo, hawaye na bin kumatunta ita ma. Da na ɗan lafa sai ta ce, "Ba ni labarinshi." Na ba ta. Yadda yake bin 'yan awaki yana kama musu wutsiya. Yadda ba ya iya cewa tuwo sai "too". Yadda in kowa ya fita gidan ya rage daga ni sai shi, nakan ɗauke shi in sa hancina a wuyansa, yana wari-warin rana da toka, yana dariya yana ture ni. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Muna nan har inuwar ɗorawa ta koma gabas.

Abin da ya biyo baya shi ne yunwa. Yunwa ta gaske, irin wadda na manta da ita. Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta fito da dunƙulen fura da ta ɓoye, na gutsura na ci haka nan ba nono, na sha ruwa a gora har ya zubo mini a wuya. Sai na lura ina zaune. Tun ɗazu ina zaune, ba wanda ya take mini zane. Hadari ya haɗo daga gabas, muka tsinki abin da ya sawwaƙa muka kamo hanya, yayyafi ya same mu kusa da rafi.

Ba zan yi ƙarya in ce a ranar nono ya dawo ba. Bai dawo ba, washegari ma haka. Tururuwar ma ba ta tafi gaba ɗaya ba, takan dawo, musamman da la'asar lokacin da yaran maƙwabta ke koro awaki gida. Sai dai yanzu in ta taso na san sunanta. In shiga ɗaki in yi kukana kaɗan, in wanke fuska, in fito in ɗauki mazari. Zaren ya fara tsawo kafin ya tsinke. Gwaggo ta ci gaba da kununta da ruwan zafinta, kullum kuma tana sa mini Indo a ƙirji ko babu komai, tana cewa, "Bar ta ta ja, ita ce za ta kira shi." Ana gobe kasuwar Ƙanƙara, ina zaune ina kaɗi, Indo ta yi ɗan kuka daga ɗaki, sai na ji ƙirjina ya yi tsam kamar an soka ƙaya. Na duba, gaban zanena ya jiƙe. Gwaggo ta ɗauko ta ta miƙo mini. Ta kama, muka ji tana haɗiya, ƙwat, ƙwat, har tana sarƙewa. Inna tana bakin murhu, ta taso ta tsaya a kanmu ta daɗe tana kallo. Ta juya ta leƙa zaure ta ce wa ƙanen mijina, "Kai, sauke akumarin nan ka kai jakin kiwo."

Yanzu in mace ta shiga irin wannan hali akwai sunan da likita ke kiransa, akwai ƙwaya, kuma na ga waɗanda ta yi wa amfani, ban raina ba. An kuma daina hana uwa kukan ɗanta, wannan ma alheri ne. Abin da na rasa gani shi ne mai ɗaukar ƙwarya ta taka tun daga wani gari, ta bar sana'arta, ta zo ta zauna a kan tsintsiyarka. Kowa na da abin yi. A kira ka a waya a ce Allah ya sawwaƙe, kana cikin amsawa a ce kati ya ƙare. Dajin ma da za a kai mutum ya yi kukansa, yau wa zai yarda ya zagaya bayan dutsen nan?

Gwaggo ta zauna har aka fara maimai, wato noma na biyu, Indo ta mayar da kumatu, sannan ta ce audugarta ta ƙare za ta koma. Maigidana ya ɗaukar mata ƙwarya ya raka ta. Rakiyar da aka saba iyakarta bakin rafi ce, amma shi bai dawo ba sai bayan la'asar. Ban san abin da suka tattauna a hanya ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ya shigo, maimakon ya wuce zaure wurin maza kamar kullum, sai ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi da rana ba. Na kawo masa ruwa ya sha. Idonsa ja. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, ranar jana'iza ma daga maƙabarta gona ya wuce ya yi ta saran kututture har magariba. Ya daɗe yana juya moɗa a hannu.

Ya ce, "An ce kun je tsinkar tafasa bayan dutse."

Na ce, "Mun je, Malam."

"Da saura a wurin?"

"Da saura."

Ya aje moɗar. "Gobe in Allah ya kai mu ki nuna mini wurin."

Da hantsi na goya Indo na ɗauki ƙwarya, yana gaba ina biye, mutane a gonaki suna ɗago kai suna kallonmu, don ba a saba ganin namiji ya bar maimai ya bi mace tsinkar ganye ba. Da muka isa na zauna gindin ɗorawa na ba yarinya nono. Shi ya zagaya can bayan dutsen inda ba na ganinsa. Shiru ya yi tsawo har na ɗauka ya fasa. Sannan na ji muryarsa, ta fashe kamar ta yaro. Ban tashi ba, ban leƙa ba. Na rufe wa Indo kai da gefen zane na jira shi har ya gama.

Muka dawo gida rana ta take, ƙwarya wayam, ko ganye ɗaya babu. Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi fuskar ɗanta, ta dubi tawa.

Ta ce, "Ina tafasar?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba mu samu ba, Inna."

Ga tafasa nan ta bayan danga tana leƙo mu, kore shar, har ta fi gwiwa. Inna ta miƙo hannu ta karɓi ƙwaryar, ta kife ta bisa rumbu.

"Haka ne," ta ce. "Bana ba ta yi ba."